Ayar Da Ke Shafin Dama

Baba Tela bai taɓa zama fasto ba, amma in ana jinya ko an yi rasuwa a cocinsu, shi ake aika wa. Shekara arba'in da 'yan kai yana taka keken ɗinki a ɗan shagonsa, Littafi Mai Tsarki na gefe a kan tarin ƙyallaye. Kuma mutumin naku bai taɓa haddace lambar sura ko ta aya ba. Shi da zare yake aiki. Ayar ta'aziyya baƙin zare, ta masu jinya kore, ta ma'aurata masu rigima ja. In ya tashi nema, sai ya lashi yatsa, ya ja zare, idonsa ya sauka daidai wurin.

To, idon ne ya fara gajiya. Aka kwantar da shi aikin ido, ya yi wata biyu a gidan 'yarsa Auta, malamar asibiti. Da aka buɗe shagon, gara ta gama da littafin, sai bango da ɗan gari-gari. Idon kuma bai dawo ba sai dishi-dishi.

Ana cikin haka amininsa kafinta ya rasu. Matar marigayin ta zo har gida ta durƙusa.

"Baba, ayar nan da ka karanta masa shekarar da aka yanke masa ƙafa, har ya samu barci. Ya ce ita za a karanta a kansa. Jibi ne."

"An gama," in ji Baba. Sai da ta fita ya dafe kai.

Washegari da hantsi Auta ta saka shi a mota, da kwamfutarta a jaka, suka nufi shagon wani mai gyaran kwamfuta, don ya saka musu manhajar Littafi Mai Tsarki su nemo ayar. Shagon ɗan tsut, wayoyi a rataye ko'ina, fanka na juya zafi. Mai shago ya kawo kujerar roba.

"Baba, manhaja uku gare ni, sai wadda ka zaɓa. Wannan tana karantawa da murya. Wannan tana ƙara girman rubutu kamar allon talla. Wannan kuwa fassara goma ce a cikinta."

"Ɗana, wacce ce ta san shafi?"

"Kamar yaya, Baba?"

"Ayar tana shafin dama, can ƙasa, gab da inda ake juyawa. Bayan tsakiya kaɗan. Kore ne zarenta."

Mai shago ya kalli Auta, Auta ta kalli fanka.

"Baba, ai ita ba ta da dama da hagu. Kalma ake ba ta."

"Littafi babu dama babu hagu? To ta ina ake riƙe shi?"

"Baba, don Allah," in ji Auta, "ka tuno ko kalma ɗaya ce."

Baba ya murza bakin riga da yatsa. Ya ce akwai maganar tsoro a ciki. Mai shago ya rubuta, ayoyi suka zubo ɗari-ɗari. Baba ya ce kamar akwai hannu. Suka ƙaru. Aka haɗa biyun, suka ragu, aka kunna mai muryar nan ta dinga karantowa, da wata murya kamar ta mai sanarwa a tashar mota.

"Ba ita ba ce."

"Wannan fa?"

"Ta yi kusa. Amma tawa ta fi gajarta."

"Baba, ko dai ka ɗinke ta ne da kanka?" in ji mai shago, don a yi dariya. Auta kaɗai ta ɗan murmusa.

Har azahar suna abu ɗaya. Aka koma mai fassara goma, kowace aya ta zama goma. Aka gwada mai manyan baƙaƙe, Baba ya kai hancinsa jikin gilashi, bai ga komai ba sai haske. Auta ta kira fasto, ya kawo ayoyi shida masu kyau, babu ita. Ta kira matar marigayin, ta ce ita a ranar tana bakin ƙofa tana kuka, ba ta riƙe ko kalma ba.

"Wacce za a saka muku?" mai shago ya tambaya a hankali.

"Saka mai maganar," in ji Baba. "Aƙalla ita tana ƙoƙari."

Ranar jana'iza Auta ta riƙe masa gwiwar hannu har bakin kabari. Ya ce wa jama'a idonsa ya tafi, 'yarsa za ta karanta. Ta karanta wadda ya ce ta yi kusa. Jama'a suka ce amin, har wasu na share hawaye.

Da aka watse, matar kafinta ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Ita ce ko, Baba?"

Auta ta ɗan matse masa gwiwar hannu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matar ta jira, ta jira, sannan ta saki hannun a hankali, ta gyara mayafinta.

"Ba komai, Baba. Allah ya ƙara lafiya."