Irin Shinkafar Inna a Mazubin Shara

Shekarar da aka raba mana mazuban shara a Haɗeja, ni ne na fi kowa zaƙewa a unguwarmu. Ba na ɓoyewa. Kowane gida an ba shi biyu: kore na sharar tsakar gida, shuɗi na leda da robobi. Girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya, da tayoyi a gindi. Mai unguwa ya yi shela cewa kowace Talata da safe a turo su ƙofar gida mota ta kwashe, kuma kada a yi musu rubutu, kada a ɗaura musu komai, a bar su yadda suka zo.

To amma wa zai ga roba sabuwa dal, mai murfin da ɓera ba ya iya ɗagawa, ya zuba mata shara? Maƙwabcinmu ruwan sha ya zuba a nasa. Wata ta jiƙa gero. Ni kuwa ina ta bin mutane da wa'azin tsafta, sai ka ce ni na ƙera abin.

Mahaifiyata, Inna, ba ta bi wa'azina ba. Da ƙanena ya koma Kirikasamma kamun kifi ya bar nasa koren, sai ta jawo shi ta zuba irin shinkafarta a ciki, don ambaliyar da ta wuce ta cinye mana rumbu. Shinkafar ja ce, da ɗan tsinke baƙi a bakin kowace ƙwaya. Idan kogi ya cika ya shafe fadama, ita ƙara tsawo take yi ta bi ruwan sama, ba ta nutsewa. Kakana ya noma ta, babana ya noma ta har ya rasu. Kowa ya koma irin zamani, har ya zamana daga mu babu wanda na sani yana da ita. Duk shekara da faɗuwar damina Inna ke aunowa da hannunta ta miƙo mini, ni kuma in je in yafa.

Ta ɗaura wani jan ƙyalle a marikin mazubin don ta riƙa gane shi. Ni da iyayina na sa reza na yanke.

"An hana, Inna. Doka ce."

Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta dube ni kawai ta ce, "Kai dai ka sani."

Wata Talata, saura kwanaki a yi shuka, na ji ƙahon mota tun daga bakin layi ina tsakiyar karyawa. Na tashi a guje. Koraye biyu na tsaye a zaure kamar tagwaye, don an jawo na Inna daga ɗaki za a yi yaɓe. Kuma wallahi na buɗe na duba! Na ɗaga murfi, na ga toka da busasshen ganyen maina, wato darbejiya. Shara ke nan, me ake sharewa a tsakar gidanmu in ba toka da ganyen maina ba? Nauyin ma bai ba ni mamaki ba, don shararmu rabinta yashi ne. Na tura shi waje, aka juye, aka miƙo mini fanko.

Na manta shaf cewa haka Inna ke adana iri tun ina ƙarami. Ganyen maina take shimfiɗawa a kai, ta rufe da toka, don kada ƙwari su shiga.

Sai da hantsi ta fito da ƙwaryar awo. Na ji ƙarar murfi sau ɗaya, na ji sau biyu.

"Kai," ta ce. "Wanne ka fitar?"

Innalillahi! Ko takalmi ban tsaya nema da kyau ba, wari da wari na zura, na tari mai babur na ce bola, bolar bayan gari, ka yi wa Allah ka yi sauri. Muna tafe ina ta addu'a a fili kamar zautacce, har mai babur ya waiwayo ya ce, "Malam, rasuwa aka yi?" Na ce ja mu je.

Wani tsohon rami ne da aka ɗebi ƙasar gini, can hanyar fadama. Motar ta daɗe da juyewa, wasu biyu sun juye a kai. Na tarar da direban yana wanke hannu, na riƙe masa riga ina cewa ina ka zuba na layinmu? Ya ce, "Haba Malam, duk mazuban iri ɗaya ne, sharar ma iri ɗaya ce. Ta ina zan gane naka?" Na so in zage shi, amma na sake masa riga, don ni da hannuna na yanke ƙyallen da zai bambanta su.

Na shiga da hannu. Ruɓaɓɓen tumatir, ƙashin kifi, kunzugun jarirai, ledar da aka ce a ware ba a ware ba. Awaki da kaji sun riga ni, tattabaru na ta sauka suna tashi. Duk inda na ga toka sai in durƙusa in tona. Kwalba ta yanke ni ban ji ba sai da na ga jini. Na kori wata akuya da dutse, na zage ta ta uwa ta uba, sannan na zauna cikin ƙazantar na yi kuka, ni da furfura a gemu. Ba kunyar kowa na ji ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoron a ce abin da ya tsallake ambaliya da fari tun zamanin kakana, a hannuna ya ƙare, ranar Talata, saboda ƙyalle.

Har la'asar ina tsince. Abin da na samu bai cika hulata ba.

Na iske Inna a kan tabarma inda na bar ta. Na durƙusa na ajiye hular a gabanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta juye a faifai, ta kawo shi kusa da ido, ta shiga turawa da ɗan yatsa.

"Wannan ba tamu ba ce. Wannan ma sharar injin casa ce. Wannan ta zamani ce."

Tana faɗa tana turewa gefe, ni kuwa ina kallon wahalar yinina na komawa shara. Can ta tsaya. Ta ɗauki ɗaya mai baƙin tsinke, ta hure tokar. Ta ƙara samun wata. Da ta gama, abin da ta ware bai rufe tsakiyar tafin hannunta ba.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo, Inna. Zan yi musu wuri na musamman, in kewaye da ƙaya, in kwana a can in ta kama."

Ta dubi hannun nawa mai jini, ta daɗe tana duba. Sai ta jawo haɓar zanenta ta ƙulle ƙwayoyin a ciki, ƙulli biyu, ta ja da haƙori.

Ran da aka yi ruwan shuka, da na fito daga masallaci na hango ta a kan hanyar fadama, ita kaɗai, tana dogara sanda, tsohuwar da rabonta da gona tun rasuwar babana. Na bi ta a baya har bakin ruwa. Ta san ina biye, ba ta waiwayo ba.