Littafin Da Na Tsinta A Mina

Ga irinmu, aikin Mina yana soma ciwo ne bayan alhazai sun watse. Mu ake bari da naɗe katifu da kwashe robobin ruwa da takalman da aka manta wari-wari. Ni haifaffen unguwar Utaibiyya ne a Makka, kakannina Hausawa ne, ta Sudan suka shigo. Sauran watanni carbi da turare nake sayarwa, lokacin Hajji kuma in shiga cikin masu gyaran tanti, don aikin da ya zo ƙofar gida ba a ce masa gobe.

A wata shekara, farkon shekarun dubu biyu da goma, na ɗaga wata katifa na ga littafi a ƙarƙashinta. Da Larabci aka buga shi, da hotuna da taswira masu launi, kuma babu sunan kowa a ciki. Jagora ne ga masu son bin tsohon layin dogo na arewacin Madina a kan keke, layin da jirgi ya daina bi tun kafin a haifi ubana. Na cusa shi a aljihu ina murna na yi tsintar guru a suɗi, don na san wanda zan kai wa.

A ƙasan benenmu akwai wani magini da ke haya, mutumin Ƙauran Namoda, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Da keke yake zuwa aiki a garin da kowa ke rububin mota. Ba ya hira sau biyu bai sako layin dogon garinsu ba, yadda yake bin gefensa a keken babansa har ya ga ƙauyen da bai sani ba.

Ya karɓi littafin, ya daɗe yana kallon hoton wata tasha ta dutse a tsakiyar rairayi. Sai ya ɗago.

"Ina ka samo shi, ɗan Makka?"

"A Mina, Yaya. Wani ya manta."

Ya ajiye shi a kan gwiwarsa a hankali.

"Kai da anka haifa nan, ni zan gaya maka? Mina cikin Harami take. Tsintuwar Harami ba ta zama ta mai tsintuwa ko shekara nawa ta yi. Tunda ka ɗauka, cigiya ta hau kanka."

Na sani sarai, malamanmu suna faɗa, kawai dai ban so a tuna mini ba. Na ji haushi, na ce wa zai dawo daga wata duniya neman takarda? Ya ce wannan ba ruwanmu. Ajiya ce, za mu iya dubawa, amma ba za a lanƙwasa shafi ba, ba za a yi rubutu a ciki ba.

Haka muka fara. Shi bai iya Larabcin littattafai ba, ni ke karantawa ina mayar masa da Hausa, bayan la'asar, a kan tabarma a bakin ƙofarsa. Yakan wanke hannu kafin ya taɓa, ya kuma matsar da kofin shayi can nesa. Na gwada nuna masa wurin a waya, sai ga fili rawaya babu komai, ka matsa da yatsa ka ɓata. Littafin kuwa ya faɗi inda ƙasa ke da ƙarfi da inda yashi ya cinye hanyar sai an tura keke. Ya faɗi tashar da aka kewaye da shingen waya, da inda dole a nemi izini, da inda babu ruwa ko na alwala. Ya ce akwai wuraren da waya ba ta kamawa sam. Tun da ba a rubutu a ciki, Yaya ya ɗauki fensirinsa na gini ya zana hanyar a bangon ɗakinsa, tasha bayan tasha.

Shirinmu bai da wuya a baki. Mu ɗora kekuna a mota zuwa Madina, mu yi ziyara, mu nufi arewa. Ni da ban taɓa wuce kasuwar unguwar Shisha a keke ba, har na sayi wani tsoho ina koyo da hantsi, cinyoyina suna zagina.

Abu ɗaya littafin ya nanata: kada a shiga hanyar sai da sanyi. Hutun Yaya kuwa ba ya zuwa sai bayan Hajji, haka kafilinsa ya tsara, wato mutumin da takardar zamansa ke hannunsa. Shekarar farko muna da sauran dama, amma kekena bai shirya ba, ni ma haka. Ta biyu aka hana shi hutun saboda wani gini. Kowace shekara kuma Hajji yana ƙara matsowa baya, daga bakin sanyi yana shiga zafi. Muna zaune a tabarma muna kallon damar tana ja da baya.

Cigiya kuwa ban fasa ba, don ba zai bar ni ba. Duk Hajji sai in sa littafin a leda in tafi da shi Mina, in bi tantunan layin da na tsince shi ina tambaya da Larabci da Hausa da hannu. Abokan aiki suka sa mini suna mai littafi. Wasu alhazan su ɗauka sayarwa nake, su kore ni. Na gaji da abin ƙwarai, na gaji da tafiyar da ba a yi ba, har wani lokaci in na ji Yaya yana gyara tabarma sai in lallaɓa in haye sama.

Wata shekara na ce, "Yaya, yalla mu tafi haka nan, ko da zafin. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ya buɗe shafin da kansa ya nuna mini, ya riga ya gane shi da hoto.

"Mi ya ce nan? Wanda ya rubuta ya taka wurin, mu ba mu taka ba. Ban kai ka in dawo wa iyalinka da keke ba kowa."

Daga baya aikin kamfaninsu ya ƙare, aka buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Gwiwarsa ma ta fara ba shi wahala. Ya sayar da kekensa ga wani mai kai burodi.

Ranar tafiyar, da safe, na sauko na tarar ya ɗaure kaya. Da ya shiga sallama da mai gidan, na zuge jakarsa na tura littafin ƙarƙashin riguna. Raina ya ba ni cewa shi ya fi kowa cancanta, in akwai laifi na ɗauka. Da ya dawo zai sa fasfo, hannunsa ya ci karo da shi. Ya fito da shi, ya share bangon littafin da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

"Ba naka ba ne, ƙanena. Ka ba ni mi?"

Na ce Allah na gani, shekaru nawa muna cigiya. Ya girgiza kai. Na so in yi masa tsawa, sai dai na karɓi littafin.

Mai tasi ya iso yana danna hon. Yaya ya zauna a kan matakala, ya ce in karanta masa babin ƙarshe, wanda kullum yake cewa a bari sai mun kusa. Na karanta a tsaye, da sauri, ina tuntuɓe. Tasha ce ƙarama, rufinta ya faɗi, gefenta akwai tarago kwance cikin yashi. Ya rufe ido yana saurare har na kai ƙarshen shafin.

"Akwai inuwa wurin?"

Na duba sama da ƙasa. Na ce littafin bai faɗa ba.

"To," in ji shi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗauki jakarsa ya shiga motar.