Hular da Na Zana Daga Bayan Sahu

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji shida na firamare. Ina zaune a bayan Keke Napep tsakanin Baba da wata mata mai kwandon tumatir, na rungume baƙar leda a cinyata, a cikin ledar kuwa hula ce guda ɗaya. Lokacin gari bai gama lafawa ba. An hana hawa babur, kusan kowace mararraba akwai shingen sojoji da buhunan yashi, in an zo wurin sai kowa ya sauko ya wuce a ƙafa. A shinge na biyu wani soja ya nuna ledata ya ce in buɗe. Na buɗe, ya leƙa, ya ce hular ta yi kyau, mu wuce. Wallahi da ya ƙwace ta da na gode masa. Zanen da ke jikin hular na sata ne, ni na sato shi, Baba bai sani ba, kuma gaban mai zanen za mu kai ta.

Mahaifina, Malam Sani, mai zanen hula ne. Tun yana saurayi ya zo Maiduguri daga Kano, ya zauna a unguwar Abbaganaram, ya yi aure, aka haife mu. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa farin yadi a kan faifan katako, ya ɗauki biro da ɗan guntun rula, ya fitar da zanen da masu ɗinki za su bi da allura. Gidan da muke haya iyali huɗu ne, mu kaɗai ne Hausawa, sauran Barebari, shi ya sa na tashi da Kanuri a bakina. Akwai babbar dalbejiya a tsakar gida, a ƙarƙashinta Inna da matan gida suke zama da rana, kowace da hula a hannu da zare a baki, suna ɗinki suna hira. Aikina da safe in ɗebo ruwa a burtsatsen unguwa, in zuba wa awaki harawa, in na dawo makaranta kuma in kai zanannun yadduka gidajen masu ɗinki. Da can muna zuwa gonar mai gidanmu a Khaddamari roron wake, amma da hanya ta ɓaci aka daina. Sai wasanmu ya koma cikin layi, langa da ƙwallon tsumma, da kunne ɗaya a waje. Da an ji ƙara daga nesa kowa zai bar takalminsa ya yi gida.

Masu zanen hula suna da doka ɗaya da ba a rubuta ta ko'ina ba. Tsohon zane na kowa ne, amma sabon zanen da mutum ya ƙirƙira bai riga ya sake shi kasuwa ba, ba a taɓa masa. Akwai wani mutum a layinmu da ya taɓa yin haka. Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya zage shi. Mata suka daina karɓar yadinsa, masu wankin hula suka riƙa mayar masa da kayansa yadda ya kawo, in ya zo majalisa a amsa sallamarsa a ci gaba da hira. Kafin shekara ta zagayo yana tura kurar ruwa. Duk sanda ya wuce ƙofar gidanmu, Baba yakan girgiza kai ya ce, “Hannu mai kyau, amma ya zubar da sunansa.” Da wannan na girma, saboda haka ba zan ce ban sani ba.

Kowace Alhamis da yamma akan aike ni unguwar Jiddari Polo wurin Gwaggona, in kwana, in yi Juma'a a masallacin unguwarsu tare da 'ya'yanta. Wata Juma'a na samu kaina a bayan wani dogon tsoho mai hula ruwan ƙasa da shuɗi. Ban taɓa ganin zane irinsa ba. Layuka ne suke shiga juna suna fita kamar kitso, a can ƙeya kuma, inda bakunan hular biyu suka haɗu, akwai 'yan kusurwoyi bakwai a jere, ta tsakiya a kife. Huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dawo na zana abin da na riƙe a kan yashi, ya ƙi fita. Mako mai zuwa na yi sammako na kama bayan tsohon. Juma'a biyar na yi haka. Gaban hular ne ban taɓa gani da kyau ba, don haka na ƙirƙiro nawa na cike gurbin, sannan na kwashe duka a kan wani ragowar yadin Baba na cusa a ƙarƙashin tabarmata.

Inna ce ta gani wurin shara, ta nuna wa Baba. Ya daɗe yana dubawa a hasken ƙofa, sannan ya kira ni. “Habu, wa ya yi wannan?” Na ce ni ne. “Daga kanka?” Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma ban taɓa ganin Baba ya dube ni da irin wannan idon ba, ni da kullum ake cewa layina ya karkace. Sai na gyaɗa kai. Ya sayo zaren siliki mai tsada, Inna ta ajiye duk aikin mutane ta kama ɗinkin, ta yi kusan wata biyu a kai, har yatsanta ya yi kanta. Ya ce za a yi bikin baje kolin fasaha bayan Sallah, zai kai hular gaban manyan sana'a su ga abin da ɗansa ya yi. Saura kwana goma ya ƙara da cewa, wanda zai duba aikin masu hula shi ne wani dattijo da ake kira Ba Modu na Jiddari Polo, mutumin da in ya yi sabon zane shi yake fara sawa a kansa wata da watanni kafin ya sake shi. Na tambayi ɗan Gwaggo sunan dogon tsohon nan na masallaci. Ya ce, “Ba Modu mana, mai hula. Kai baƙo ne?”

Kwana goman nan ban ci abincin kirki ba. Na yi tunanin jefa hular a kwata in ce faɗuwa ta yi, na yi tunanin ba akuya ta tauna. Duk sanda na miƙa hannu sai in tuna yatsan Inna. Na yi ƙaryar ciwon ciki ranar Alhamis don kada a aike ni Jiddari Polo, Inna ta jiƙa mini kanwa ta tsaya a kaina har na shanye. In na hangi mai kurar ruwan nan a layi, fuskar Baba nake gani a jikinsa.

A filin wata makarantar sakandare aka yi bikin. An laluba kowa a ƙofa. Akwai masu zanen fenti, da dukawa, da masu tukwane, da masu ɗaukar hoto, da makaɗan ganga, kowa da rumfarsa, kuma yawancinsu masu cin gashin kansu ne, ba wanda ya ɗauki nauyinsu. Da safe lokacin 'yan kallo da masu saye ne. Bayan Azahar sai aka tara masu sana'ar kaɗai a wani aji, aka rufe ƙofa. Wannan shi suke kira zaman gyara. Wata budurwa mai ɗaukar hoto ta nuna musu yadda ake ɗaukar kaya da waya a inuwa don launi ya fito, wani baduku ya yi bayanin yadda ake ɗinka sunan mai aiki a cikin kaya, aka yi gardama a kan masu zuwa daga Abuja su kwashi aiki da arha. Mai jan ragamar zaman wani ne da ake kira Ali Fenta, mai zanen allunan shaguna, gajere mai barkwanci. Shi ya shimfiɗa tabarma a tsakiya ya ce, “To jama'a, kowa ya kawo aikinsa a faɗa masa gaskiya. Wanda zai yi fushi ya yi tun yanzu, mu huta.” Ba Modu yana zaune a gefen taga da wata tsohuwar farar hula a kansa. Na ɓuya a bayan Baba.

Mu ne na shida. Baba ya fito da hular ya ɗora a tabarma, aka yi ta masha Allah. Ali Fenta ya ce, “Malam Sani, ashe kana ɓoye mana hannu!” Baba ya yi murmushi ya ce, “Ba nawa ba ne, na yarona ne. Daga kansa ya fitar.” Aka miƙa wa Ba Modu. Ya dubi gaban, ya taɓe baki. Sannan ya juya ƙeyar. Na ga yatsansa yana bin 'yan kusurwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ta tsakiya. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, kowane babban mai zane yana barin alamarsa a ƙeyar hula, wani ɗan kuskure da yake yi da gangan, wanda dattawan sana'a kaɗai ke ganewa. Kusurwa bakwai, ɗayarsu a kife, sa hannun Ba Modu ne tun kafin a haife ni. Ni kuma da nake zaune a bayansa, shi na fi gani, shi na fi kwafewa da kyau. Dattijai biyu da ke kusa da shi suka leƙa, suka dubi juna. Baba ya matsa ya leƙa shi ma, murmushin ya ɓace. Ba Modu ya ɗago, ba ni ya duba ba, Baba ya duba. “Malam Sani,” ya ce a hankali, “a ina ka ga hulata?”

Har yau ban san yadda na miƙe ba. Na ji muryata tana cewa, “Baba bai sani ba. Bai taɓa ganinta ba. Ni ne, a masallaci, a bayanka.” Kuka ya ƙwace mini, na ci gaba da faɗa cikin Hausa da Kanuri a haɗe, Juma'a biyar da yashi da komai. Baba ya miƙe. Ya zaro almakashi daga aljihu, ya durƙusa, ya jawo hular zai tsarga ta, domin haka ake yi. Ba Modu ya riƙe masa hannu ya ce, “Bari. Matar da ta ɗinka wannan ba ta yi wa kowa laifi ba.” Sannan ya yafito ni. “Zo nan, ɗana. Da takarda ka shiga masallaci?” Na ce a'a. “Baya dai nawa ne. Gaban nan fa, na wa?” Na ce nawa. Ya ce, “An gani.” Ali Fenta ya fashe da dariya ya ce, “Ba Modu, laifinka ne, da ka riƙa waiwayowa da yaro ya samu gaban ma!” Ajin ya ɗauka, amma tsohon bai yi dariya ba. Ya ce zanen nan sai a auren ɗansa ya yi niyyar sakinsa, yanzu 'yan sana'a talatin sun duba shi a hannu, ya tashi daga sabo. Wannan maganar ta fi mari zafi.

Sai ya yi wani abu. Ya sa maza shida suka cire hulunansu aka jera a tabarma, ya ce in ware waɗanda hannu ɗaya ya zana. Ina sheshsheƙa na duba, na haɗa uku gefe guda, biyu gefe guda, na bar ɗaya ita kaɗai na ce wannan aikin inji ce. Mai ita ya yi sauri ya ɗauke abarsa ana yi masa tsiya. Ba Modu ya juya wurin Baba ya ce, “Yaronka ba mai zane ba ne, kada ka wahalar da shi. Ido gare shi. Ido kuwa ko dai ya yi sata ko ya yi tsaro, ya danganta da wanda ya riƙe shi.” Aka yanke cewa za a ɗinka sunan Ba Modu da na Inna a cikin hular, ba za a sa nawa ba, kuma duk wanda ya tambaya a rumfa ni zan faɗa masa da bakina zanen wa ne. Sunan Baba ya fita daga zargi. Na tsaya a rumfar har La'asar ina maimaita wa baƙi. Baba bai dake ni ba, amma ya yi kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu ya miƙo mini huluna goma ya ce in kai wa Ba Modu gaisuwa, in zauna in ga yadda yake duba aiki. Na yi shekara huɗu ina zuwa.

Yau dillancin hula nake yi, ina aikawa Kano da Abuja har Chadi, kuma ba na sayar da hular hannu sai da sunan mai zane da mai ɗinki a cikinta. Wasu 'yan kasuwa suna ce mini ɓata lokaci ne, ni kuwa na ga ribarsa, domin mai saye yana dawowa ya nemi hannun da ya sani. Har yanzu ana bikin, ya ma fi da girma, akwai lasifika da kujerun roba, ana koyar da talla a waya, ana ba da takardar shaida. Amma ba a rufe ƙofa kuma, ba a shimfiɗa tabarma. Mutum zai ɗauki hoton sabon zanenka kana tsaye, kafin mako biyu inji ya zubo ɗari, kuma ba wanda zai daina amsa masa hira. Ba Modu ya rasu, Baba ma idonsa ya yi rauni, ya ajiye biro. Wani lokaci ina duban yaran da ke yawo tsakanin rumfuna da waya a hannu, sai tausayinsu ya kama ni. Ni na samu waɗanda zan ji kunyarsu.