Fetur ya ƙare mini a hanyar ganin ɗana

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni akanta ne, kuma akanta har cikin ƙashi, irin mutanen nan da ba sa iya shan shayi sai sun san abin da ya ci. Ina zaune da matata a wani ɗan flat a Cheetham Hill cikin Manchester, aikina kuma yana Birmingham, don haka yawancin ranakun mako a kan babbar hanyar da ake kira motorway nake, in tafi da safe in dawo da yamma. Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, har 'yan uwa a Kano suka gaji da tambaya suka koma yi mana addu'a kawai. Sai a shekarar da nake magana matata ta samu ciki. Ban da matata, ban taɓa iya ba wa kowa labarin nan da bakina ba, shi ya sa na zaɓi in rubuto muku.

Abu ɗaya na taɓa saya a rayuwata ba tare da lissafi ba, shi ne motata. Ja ce, ƙarama, irin mai buɗewa ta baya, ga ta gajeriya kamar ta durƙusa, ga inji da ya fi ƙarfin jikinta. Kana taɓa totur za ta zabura, ƙararta kuwa tun daga kwana matata ke gane na dawo. Mai sayarwa ya ce mini ai a doguwar hanya ba ta shan mai, ni kuma na yarda don dama ina son in yarda. Ba a yi nisa ba na gane irin abin da na kwaso. In ka lallaɓa ta, ta lallaɓa ka. In kuwa ka sakar mata, wallahi kana kallon allurar mai tana sauka. Mai hankali sai ya sayar ya huta. Ni kuwa girman kai ya hana ni, don abokai sun riga sun gama yi mini tsiya, ba zan ba su bakin magana ba.

Sai na mayar da tsimin mai wata sana'a. Na sayi motar tsere, amma na koma bin bayan tireloli a layin hagu ina tafiyar hawainiya. Na kwashe duk wani kaya mai nauyi daga baya. Ko zafi ake ba na kunna na'urar sanyi. Wani ya ce mini cikakken tanki ma nauyi ne, shi ke nan na daina cikawa, sai in zuba daidai abin da zai kai ni ya dawo da ni da ɗan rara. Kuma a wuri ɗaya nake sha, gidan man wani babban kanti kusa da gida, inda ya fi sauƙi. Gidajen man da ke kan motorway kuwa na ɗauke su haramun, ko kallonsu ba na yi, ina cewa 'yan fashi ne masu lasisi. A gaban sitiyari akwai wata lamba da ke nuna sauran tafiyar da man zai iya yi, ita ce ta zama malamata. In na iso gida ta nuna na yi rara, har wani daɗi nake ji kamar na ci jarrabawa.

Matata ba mai yawan magana ba ce, amma da cikin ya fara nauyi ta yi mini magana ba sau ɗaya ba. Ta ce ko dai mu koma Small Heath kusa da aikina, tunda tana da 'yar uwa a can, ko in sauya mota, ko kuwa aƙalla in riƙa cika tanki saboda mai ciki ba ta da rana. Na yi dariya na ce wa ya fi ni sanin lissafi a gidan nan, ni ko ita. Na ce haihuwa da saura, idan watan ya kama zan cika mata tanki har ya zube. Ta ce to Allah ya kai mu. Har yanzu ina jin yadda ta faɗi hakan, ba fushi, ba gardama, ta ci gaba da ninke kaya.

Ranar da abin ya faru ina ofis, hantsi ya ɗaga, sai ga waya daga maƙwabciyarmu. Wata dattijuwa ce 'yar Jos, Kirista, muna kiranta Mama, ita ke leƙa matata in ba na nan. Ta ce jini ya ɓalle wa matata, suna asibiti, likitoci na maganar fiɗa, in bar duk abin da nake yi in taho. Cikin ko wata bakwai bai cika ba. Ban san yadda na sauko daga bene ba. Na tada mota, na dubi lambar nan, ta nuna man zai kai ni Manchester har da ɗan saura, kamar kullum. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, lambar ta yi lissafinta ne da irin tafiyar da na saba, ta bin bayan tirela. Ranar kuwa ba tirelar da zan bi.

Ina hawa motorway na take ta har ƙasa. A karon farko tun da na saye ta, motar ta yi abin da aka ƙera ta domin shi, ni kuma ban ji daɗin komai ba, salati kawai nake. Gidan man farko na wuce shi da gudu, na ce tsayawa ɓata lokaci ne. Can na sake duba lambar, sai na ga tana zubewa kamar ruwa a bokiti mai huda. Fitilar mai ta kama. Na hango allon gidan mai na gaba, kuma a nan ne zan faɗi gaskiyar da ta fi ci mini rai. Ba sauri kaɗai ya hana ni shiga ba. Shekara da shekaru na hore wa hannuna cewa ba a juya sitiyari zuwa wurin nan, sai wata murya a raina ta ce ai za ta kai, kullum tana kaiwa, in ka sassauta kaɗan za ta kai. Kafin in gama shawara na wuce mashigar. Ba a jima ba motar ta yi tari, ta sake yi, totur ya mutu a ƙarƙashin ƙafata. Da ƙyar na gangara da ita gefen titi.

Na kira masu kawo wa motoci ɗauki a hanya, suka ce in fita in tsaya bayan shingen ƙarfe in jira, akwai mutane a gabana. Na ce musu matata na ɗakin fiɗa, suka ba ni haƙuri suka ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Na ɗaga wa motoci hannu kamar a hanyar Zariya, amma a nan wa zai tsaya maka a motorway? Babu gida kusa, babu komai sai gonaki da iska. Na zagi motar, na harbi tayarta, na zagi kaina. Sannan na tsuguna a cikin ciyawa na riƙe waya da hannu biyu.

Da Mama ta sake kira, baban yaro ta ce da ni. Ba wanda ya taɓa kirana haka. Ta ce an ciro shi, namiji ne, matata tana nan da ranta kuma idonta biyu, amma likitoci sun ce yaron ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba sa jin zai daɗe, har sun ɗora mata shi a ƙirji. Ta tambaye ni ina nake, na kasa faɗa, na ce ina hanya. Sai ta ce matata na roƙon a yi masa kiran sallah a kunne, kuma ita Mama ta girma cikin Musulmi, ta san wannan aikin uba ne, don haka za ta kara wayar a kunnensa na dama in yi. Edita, haka na miƙe a gefen titi, na toshe kunne ɗaya, na kare bakin wayar da tafin hannu saboda ƙarar tireloli, na yi wa ɗana kiran sallah. Abin da ake raɗa wa jariri a hankali, ni da ihu na yi shi don ya ji. Muryata ta karye a tsakiya, na sake ɗauka. Da na gama Mama ta ce ya motsa hannu, ita ma kuka take.

Sai bayan azahar aka kawo mini man da ya kai ni gidan mai. Na isa asibiti na tarar an naɗe shi cikin farin zane. Na ɗauke shi, ba nauyi ko kaɗan, jikinsa ya riga ya huce. Washegari muka kai shi makwancinsa, 'yan uwa daga masallaci suka tsaya mini, kowa na cewa ai hanyar Birmingham ba ta da tabbas, cunkoso ne. Na bar su a haka. Matata kaɗai na gaya wa gaskiya, bayan an sallame ta. Na so ta yi mini faɗa, ta zage ni, ko zan samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce kwanansa ke nan, ko a bakin ƙofa nake ba zan ƙara masa numfashi ɗaya ba. Sannan ta ce abin da ta so kawai shi ne in ga idonsa, don ya buɗe su sosai, ya daɗe yana kallo. Daga ranar ba ta ƙara shiga motar ba, ko wurin likita za ta sai ta hau bas. Na sayar da ita ba tare da na yi ciniki ba.

Na san ƙaddara, ban kuma ce fetur ne zai raya shi ba. Amma Allah ya ba ɗana ɗan lokaci a duniya, wanda ya ishe ni in iso in rungume shi da ɗuminsa, ni na ɓatar da lokacin a gefen titi saboda tsimin da ba talauci ne ya sa ni ba. Abin da na koya shi ne tattali ma yana iya zama cuta, ya shiga jikin mutum har ya yanke masa hukunci a ranar da hankalinsa ba ya tare da shi. 'Yan uwana masu doguwar tafiya zuwa aiki, musamman wanda ya bar mai ciki ko tsoho ko marar lafiya a gida, don Allah ku cika tankinku. Kada ku auna mai da ranar lafiya, ku auna shi da ranar da za a kira ku a ce ku taho yanzu. In motarku ta fi ƙarfinku ku rabu da ita, tsiyar abokai ba ta kashe kowa. In kuma matarka ta ce ka yi wani abu saboda halin da take ciki, ka yi kawai, ba sai ta kawo maka hujja ba.

Muna nan tare da matata, muna kuma roƙon Allah ya sake ba mu. Amma har yau in 'yan uwa suka kira daga gida, hira ta biyo ta kan yaron, wani ya tambaya da wa ya yi kama, sai in miƙa mata wayar, don ni ban sani ba.