Miyan Saniyar Ruma

Ni mahauci ne, a Runka na gaji fawa. A shekarun da mahayan Maraɗi ke kawo hari, ba kowa ke shiga dajin Ruma ba, amma ni nakan je, don ina da amini Bafillace a can.

Wata rana da hantsi na tarar da shi tsaye kan wata farar saniya. Ta daina kiwo, ta daina tuƙa, miyau na dalala daga bakinta har ƙasa kamar zare.

"Yanka ta ka duba mini," in ji shi. "Kai ka san cikin dabba."

Na yanka. Na buɗe ƙarƙashin muƙamuƙi da gindin kunne, inda 'yan curin naman nan suke, waɗanda miyau ke tsattsafowa daga cikinsu. Mutum ma yana da su. Na matsa su, na shinshina, ban ga ƙari ko tsutsa ba. Duk da haka na ce a binne naman, don idonta bai yi mini ba.

Muna wanke hannu ya ce, "Wani kare ne ya shigo ruga ya cije ta, wata guda ke nan. Ni ma ya taɓa ni da na kore shi." Ya nuna mini tsintsiyar hannunsa. Tabon ya warke sarai.

Bayan kwana ashirin ƙanensa ya zo kirana. Na sami aminin nawa zaune a inuwa, yana ta tofarwa, gaban rigarsa ya jiƙe. Matarsa ta miƙo ƙwaryar ruwa, sai ya zabura, maƙogwaronsa ya shaƙe.

"Aboki, ƙishi nake ji," in ji shi, "amma ka ce ta kawar da shi."

Aka kira malam ya yi rubutu, aka rasa yadda zai sha. Rana ta uku shi da kansa ya ce a ɗaure shi a jikin itacen kirya, kada ya ciji 'ya'yansa. Ni na ɗaure shi. Washegari bayan azahar ya cika.

Da na koma gida na riƙa duba hannuwana, ina neman ko akwai yanka. Watanni na yi ina haɗiyar miyau da gangan, in ji ko zai wuce.

Da Sarkin fawa ya ji labarin, ya ce haukan kare ne, ya sa aka kashe karnukan gari duka. Ranin nan ungulaye kaɗai ke zuwa mahauta.