Ranar da Na Naɗe Masa Hannun Riga

Ni na kawo abokina Kano, shi ya sa har yau abin yake cina. Garinmu ɗaya can wajen Haɗeja, tare aka yi mana kaciya, kuma ni na tsaya masa har aka ɗauke shi aiki a masaƙar da nake, a Bompai, farkon shekarun tamanin. Shekara biyu yana gaban injin gyaran auduga lafiya ƙalau. Rannan ya dawo daga sallar azahar, ya ga ɓata lokaci ne ya sake sa kakin aiki, ya tsaya da doguwar rigarsa. Inji ya kama hannun rigar, ya haɗa da na mutum. Hannun dama, daga gwiwa zuwa ƙasa, a asibiti aka baro shi.

Kamfani bai sallame shi ba, aka mai da shi gadin ƙofa da rana. Ya koma sa riguna masu faɗin hannu, yana cusa bakin hannun a aljihu, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ni kuma aka ɗora mini kula da hana haɗari a sashenmu, don kowa ya san bakina ba ya shiru. Na yi faɗa har na gaji. Ka ce wa mutum ya sa kaki, ya ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai na ce to, a haɗa taro har da iyali, in mata suka ji da kunnensu su za su ƙarasa mini aikin a gida.

Manaja ya ba mu aron kulob ɗin manyan ma'aikata ranar wata Asabar da la'asar. Akwai wani fili a ciki, daɓen siminti mai santsi kamar tangaran, an zagaye shi da ƙarfe, nan 'ya'yansu suke wasa da takalmin taya. Don a jawo mutane, ya ce a bar yaranmu su ma su ɗana, ga lemo kyauta. Ni na yarda da wannan shawara, kuma ita ta kashe ni.

Mutane sun zo kam, daga Hotoro, daga Nassarawa, har matan abokan aikinmu 'yan Filato da 'ya'yansu. Na hau benci da lasifika, na jera kaki da safar hannu da bokitin yashi a tebur. Wa zai saurare ni? Ido duk yana kan fili. Yaro ya miƙe, ƙafa ta yi gabas ta yi yamma, ya zube, a kwashe da dariya. Na ce rigakafi ya fi magani, wani dattijo ya ce, "Gaskiya ne, Malam," ko juyowa bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Can na hango abokina a cikin filin. Yana riƙe da 'yarsa, 'yar shekara shida, da hannun hagu, yana janta a hankali a kan takalmin, tana ihu, "Baba, kar ka sake ni!" Dariya yake har da hawaye. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin haɗarin. Ya kamata in bar shi. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne gani ya kori ji.

Na kira shi ta lasifika. Ya ɗora hannun yarinyar a kan ƙarfe, ya taho da sauran dariyarsa, a zatonsa tebur zan ce ya gyara. Ban tambaye shi ba. Na zaro bakin hannun rigar daga aljihunsa, na naɗe shi har kafaɗa, na ɗaga dungulmin sama.

"Ku duba nan! Ga abin da doguwar riga take yi a gaban inji. Wa ke son nasa ya koma haka?"

Ido duk ya dawo kanmu. Wata mata ta yi salati, ta rufe wa ɗanta ido. Yaran da ke kusa da 'yarsa suka juya suna kallonta. Ni kuwa na samu abin da nake so, na yi ta zuba, hannunsa yana cikin nawa. Da na numfasa ya matso kusa da kunnena, ya ce, "Ka gama da shi? In rufe?"

Ya sauke hannun rigar da kansa, ya je ya durƙusa ya kwance wa yarinyar takalmin da hannu ɗaya, suka fita.

Taron ya yi amfani, ba zan yi ƙarya ba. Ranar Litinin kowa da kakinsa. Manaja ya yaba mini a gaban jama'a. Ƙarshen wata abokina ya ajiye aiki, ya kwashe iyalinsa ya koma gida, bai yi mini sallama ba.

Sai bayan damina na iya tattara ƙarfin hali na bi shi. Ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Na ce na zo neman gafara ne. Ya ce, "Haba, ai ya wuce. Tun a can na yafe maka."

Aka kawo tuwo. Tun da ya rasa hannun, a gabana kaɗai yake yarda ya ci abinci da hagu, ko ƙannensa ba su taɓa gani ba. Na buɗe kwanon, na tura shi tsakaninmu, na ce bismilla. Ya turo mini shi gabana a hankali.

"Ci abinka," ya ce. "Ni na riga na ci."