Kunun kanwar Inna

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar ko lafiya: ban mutu ba, amma ba yadda kuka san ni na dawo ba.

Da na haifi Hauwa'u na tafi gida Daudawa wankan jego. Ƙafafuna suka kumbura, aka ce ai jego ne. Sai numfashi ya fara gagarata, barci ma sai a zaune.

Ran da na kasa ɗaga jaririyar, mijina ya sayar da masararsa aka kai ni asibiti. Hoton ƙirji, hoton zuciya, ɗibar jini. Likita ta ce, “Zuciyarki ta gaza, ruwa ya taru har huhu. Ta fitsari za mu fitar da shi.”

Aka fara da allura ta jijiya. Kullum a ɗora ni kan sikeli, a auna fitsarina. Nauyi ya ƙi sauka. Aka ninka allurar, shiru. Aka haɗa da wata ƙwaya, ana ta duba jini kada ƙoda ta taɓu. Matar da ke gadon kusa da ni a lulluɓe aka fita da ita.

Duk da haka ba mutuwa na fi tsoro ba, nonona nake tsoron ya ƙafe. Hauwa'u tana wurin yayata Rabi da ke goyo, ni kuma ina tatsa ina zubarwa.

Inna, mahaifiyata, tana kawo min kunun kanwa a filas don kada nonon ya ɗauke. Ina shanyewa. Wata rana nas ta buɗe filas ɗin.

“Mama, mene ne wannan?”

“Kunun kanwa ne, ɗiyata. In ba ta sha ba, da mi za ta shayar?”

Aka kira likita. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa. Muna kwashewa, kuna zubawa.”

Inna ta fita ta zubar da shi. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta kasa kallona.

Daga nan ruwan ya fara fita. Zaryar banɗaki, jiri, ƙishi, ɗaurewar jijiya. Numfashi ya dawo, aka mayar da ni kan ƙwaya.

Nonon ma ya bi ruwan. Wallahi na yi kuka kamar an yi min rasuwa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da Rabi. Inna, ban riƙe ki a zuciya ba, abin da aka ba ki ne kika ba ni.

Mata, in kumburi ya haɗu da haki bayan haihuwa, ku tafi asibiti. Duk abin da aka kawo daga gida, ku nuna wa likita kafin ku sha.

Jiya na miƙa wa Hauwa'u hannu, ta juya ta cusa fuska a ƙirjin Rabi. Inna ta ce, “Haƙuri, za ta saba.”

Ku taya ni addu'a ta saba.